Ɓawo da Ƙwaya

Sababbin shiga fagenmu na ɗigon kwantam sun zo da wata hadda, wai a ƙara wa ɓawon da ke lulluɓe ƙwayar ɗigon kauri kawai, haske zai ƙaru. Da sun tarar da zamanin da ake ɗiga dayetil-zink da sirinji, sinadarin da ke kamawa da wuta da zarar ya sha iska, ana tsayawa ana haska tulun da fitilar UV, da ba su faɗi haka ba. Wancan aiki na ɗigo-ɗigo shi ya koya mana inda ake tsayawa. A 1996 Hines da Guyot-Sionnest a Cikago suka lulluɓe ƙwayar CdSe da ZnS, hasken ya kai kusan kashi 50 cikin ɗari. Shekara guda bayan haka ɗakin binciken Bawendi a MIT ya nuna cewa da an ɗan haura shimfiɗa ɗaya, hasken sai ya fara ja da baya. Dalilin kuwa, jerin atam na CdSe da na ZnS ya saɓa da kusan kashi 12. Duk mai yaɓen rumbu a Dambatta ko Makoɗa ya san wannan: ka labta ƙasar da ba ta dace da bango ba, ka yi mata kauri, tana bushewa za ta tsage.

Za su ce ai a 2008 Hollingsworth a Los Alamos da Dubertret a Faris sun jibga ɓawo mai kauri har ƙyaftawar hasken ɗigon, wato ya kunnu ya mutu, ta kusa ɓacewa. Gaskiya ne, kuma ƙyaftawar ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya tun da aka gano ta a 1996. Amma da CdS suka yi, wanda saɓaninsa da ƙwayar kusan kashi 4 ne kacal, kuma sun hau kan dabarar shimfiɗa-bayan-shimfiɗa ta su Peng ta 2003.  Kaurin ma da farashinsa: lantarkin yana zurarewa cikin ɓawon, launi ya karkata zuwa ja, kuma a farantin sola katangar da ta kare ƙwayar ita ce ke hana cajin fita. Abin da ya gyara allon talabijin yana iya kashe sola.

Kafin ɗalibi ya tambaye ni shimfiɗa nawa, ya fara gaya mini wane ɓawo, a kan wace ƙwaya, don wane aiki.