Abin da ke ɓoye a bangon bayan jirgin ruwa na faiba: tarihinsa da yadda za ka gane shi

Da yawa daga cikinmu idan muka ji an ce jirgin ruwa na faiba ne, sai mu ɗauka shi ke nan, babu ruɓewa. Faiba kam ba ta ruɓewa. Amma bangon baya, wato wurin da ake ɗaura inji, wanda masu sana'ar ke kira taransom, ba faiba ce zalla ba. Fata biyu ce ta faiba, ta waje da ta ciki, da wani abu a tsakani. Wannan abin na tsakiya shi ke ɗauke da nauyin inji da turinsa. In ya lalace, inji na iya ɓalle bangon a tsakiyar ruwa. To mene ne a ciki? Amsar tana bin shekarar da aka ƙera jirgin.

Labarin ya faro ne da injin kansa. A 1909 Ole Evinrude ya haɗa injin da ake rataya wa jirgi a baya a birnin Milwaukee na Amurka. Daga nan bangon baya ya zama wurin ɗaukar kaya, kuma kullum injuna ƙara girma suke. A 1934 wani masanin sinadarai, Dakta James Nevin, a kamfanin Harbor Plywood da ke jihar Washington, ya samar da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. Shi ya ba filawud damar shiga ruwa. A 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning mai yin zaren gilashi, sannan a 1942 Ray Greene na birnin Toledo a jihar Ohio ya haɗa zaren da rezin ya ƙera jirgi, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farko na faiba.

Nan da nan maƙera suka gano matsala. Faiba tana da ƙarfi, amma in ta yi faɗi a miƙe sai ta riƙa lanƙwasa. A yi ta da kauri kuma, nauyi da tsada. Mafita mai sauƙi ita ce filawud: a manna shafi biyu, sau da yawa kowanne inci uku bisa huɗu, a lulluɓe da faiba. Tun shekarun 1950 har zuwa na 1980 haka aka yi yawancin ƙananan jirage masu inji a baya. Tunaninsu shi ne tunda an rufe katakon ruf, ruwa ba zai same shi ba. Sai dai duk ramin da aka huda, na notin inji, na tsani, na magudanar ruwa, ƙofa ce. Ruwa ya shiga, ba hanyar fita, katako ya ruɓe a ɓoye alhali waje na ta sheƙi.

Akwai kuma balsa, itace mara nauyi da akasarinsa daga Ekwado yake fitowa. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta sa shi tsakanin filawud a jikin jirgin saman yaƙi Mosquito. Daga baya maƙera jiragen ruwa suka ɗauke shi, ana yanka shi ƙananan murabba'ai. An fi samunsa a daɓen jirgi da gefuna. A wurin ɗaura inji an fi son abu mai nauyi da tauri.

Sai soso. A 1958 Dick Fisher ya fito da Boston Whaler, jirgin da aka cika tsakanin fatunsa da soson foliyuretan. A 1961 mujallar Life ta buga hotonsa zaune cikin jirgin ana raba shi biyu da zarto, bai nitse ba. Amma ko a waɗannan jiragen, filawud aka binne a wurin da inji ke zama. Ka ga ke nan, jin an ce jirgi na soso ne bai isa hujjar cewa babu katako a bayansa ba. Bayan haka aka samu soso mai tauri na PVC, irin Divinycell na Suwidin da Airex na Suwizalan. Daga shekarun 1990, da ƙorafin ruɓewa ya yi yawa, kamfanoni suka fara tallar jirage marasa katako. Allunan Coosa, soso mai nauyi da aka cakuɗa da zaren gilashi, suka samu kasuwa. Masu gyara kuma suka samu irin su Seacast, kwaɓin da ake zubawa a gurbin ruɓaɓɓen katako ya daskare.

To yanzu ga tsohon jirgi a gabanka, ya za ka yi?

Fara da wayarka. Duba saman bangon baya ta waje, ɓangaren dama. Tun Nuwamba 1972 dokar Amurka ta wajabta lambar shaida mai harufa da lambobi 12 a wurin. A tsarin da ake bi tun 1984, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Haska fitilar waya ta gefe ka ɗauki hoto, rubutun zai fi fitowa. Shekarar za ta ba ka hasashe kawai, don wataƙila wani ya riga ya canja cikin.

Na biyu, kwance noti ɗaya ko wani ƙarfe da aka ɗaura a bangon, ka leƙa ramin da fitila. In kana da 'yar kyamarar nan mai igiya da ake jonawa da waya, ta fi. Layi-layi kamar shafukan littafi, filawud ne.

Na uku, in ba ka gamsu ba, huda ɗan ƙaramin rami daga ciki, can ƙasa, kar ka fasa fatar waje. Tari abin da ya fito a tafin hannu. Ɓarɓashin katako mai haske kuma busasshe, filawud ne mai lafiya. Baƙi, jiƙaƙƙe, mai wari, ya ruɓe. Fari-fari mai laushi da farce ke shiga, balsa ne. Gari mai launi mara nauyi, soso ne. Ƙura ruwan toka mai zare-zare, allon Coosa ne ko ɗan uwansa. In kuma ya yi tauri har ƙarshe ba katako, kwaɓin zubi ne. Kana gamawa ka toshe ramin da ifoksi, kar kai ma ka buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa.

Na huɗu, gwada lafiyarsa. Bubbuga bangon da gudumar roba ko ƙotar sukuddireba: ƙara mai kaifi alama ce mai kyau, dum-dum kuwa rabuwa ce ko jiƙa. Ɗaga injin sama ka danna ƙafarsa, wani na kallon bangon. In ya motsa, akwai matsala. Tsagewa a kusurwoyi da ruwa mai kalar shayi da ke tsiyaya daga ramin noti, duk shaida ce.

Wannan ya shafe mu, don jiragen faiba na hannu suna shigowa, ana kuma aiki da su a kogin Neja da tafkin Kainji. Funfunar da ke cin katako ta fi samun yadda take so a ruwa mara gishiri da yanayi mai zafi, wato irin namu. Kowane abu kuma da gyaransa: ruɓaɓɓen filawud sai an kwashe shi kaf an sa sabo, ɗora farantin ƙarfe a kai ɓoye ciwo ne kawai. Kafin ka biya kuɗin jirgi ko ka ɗora masa inji mafi girma, ka kwance notin nan ɗaya ka leƙa.