Karagar Makamai

Karagar Makamai kujera ce da wani mai fasaha ɗan ƙasar Mozambik, Cristóvão Canhavato, wanda aka fi sani da Kester, ya ƙera a Maputo a shekarar 2001. Da guntayen bindigogin yaƙin basasar ƙasar (1977–1992) ya harhaɗa ta. Makaman sun fito ne daga shirin da Bishop Dinis Sengulane ya assasa a 1995, inda mutum zai miƙa bindiga a ba shi fartanya, keke ko keken ɗinki, sannan a yanyanka bindigar a ba masu fasaha.

Gidan tarihi na British Museum da ke Landan ya saye ta a 2002. Daga 2005 aka zaga da ita makarantu, majami'u har da gidan yari a Birtaniya. Amfaninta wajen koyarwa ba ƙarami ba ne, domin ɗalibi na iya bin kowane ƙarfe ya gano inda ya fito: majinginarta bindigogin G3 ne na Fotugal, hannayenta kuwa na AK-47 ne daga Tarayyar Sobiyet. Babu ko ɗaya da aka ƙera a Afirka, abin da ke kai ɗalibai ga batun mulkin mallaka da cinikin makamai.