Cacar mutum biyu a kan yuraniyom ɗin Arlit

Masu buga kartar poka a intanet sun san cewa idan teburi ya rage mutum biyu, kyawun kartar da ke hannunka ba shi kaɗai ke ci ba. Abin da ya fi yin aiki shi ne yawan kuɗin da ka zuba, da lokacin da ka zuba shi, da kuma ko abokin karawarka ya yarda za ka iya jure asara idan ya ƙi janyewa. Mai aljihu mai zurfi yana iya jira, wanda kuɗinsa ya kusa ƙarewa kuwa dole ya yi wuf ko ya tashi. Cinikin yuraniyom tsakanin gwamnatin Nijar da kamfanin Faransa, wanda ya amsa sunan Cogema, ya koma Areva, yau kuma Orano, ya shafe fiye da shekara 50 yana tafiya a kan wannan ƙa'ida. Ana yawan ba da tarihinsa a matsayin labarin shugabanni jarumai da matsorata. Abin da shekarun suka nuna daban ne: duk lokacin da Yamai ta ci riba, akwai wani mai saye a bakin ƙofa kuma farashin duniya yana sama, duk lokacin da ta sha ƙasa kuwa ɗayan biyun ya ɓace.

Tun kafin a fara wasan an riga an raba kartar. Masu binciken ƙasa na Faransa sun ci karo da yuraniyom a Azelik a 1957 suna neman jan ƙarfe, kuma yarjejeniyar tsaro ta 1961 ta bai wa Faransa fifiko a kan ma'adinan da ke da amfani ga tsaro. An kafa kamfanin haƙar Somaïr a 1968, aka gina garin Arlit a tsakiyar hamada domin ma'aikatanta, aka fara haƙa a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, ta fara fitar da kaya daga ramin Akouta a 1978, garin Akokan ya tsiro a gefenta. A wancan lokacin garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa ana ɗura shi a ganguna, a bi da shi ta Tawa, Doso da Gaya zuwa tashar Kwatano, tafiyar kusan kilomita 2,000, sinadaran sarrafa shi kuma su hauro ta wannan hanya. Babban mai saye ɗaya, hanya ɗaya, tashar ruwa ɗaya.

Diori Hamani ne ya fara ɗaga zubi. Bayan da ƙasashen Larabawa suka tayar da farashin mai a 1973, Faransa ta yanke shawarar jingina wutar lantarkinta ga nukiliya, Diori kuwa ya ga cewa kayansa sun yi daraja. Ya jawo Gabon, aka zauna da tawagar Faransa a Yamai a watan Maris 1974, aka tashi ba a daidaita ba. Lissafinsa a kan darajar kayan daidai ne, amma aljihunsa wayam: fari ya kashe dabbobi, yunwa ta cika ƙasa, zargin karkatar da abincin agaji ya zubar da mutuncin gwamnatinsa. Shugaban Faransa Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori ranar 15 ga watan. Masu cewa Faransa ce ta kitsa juyin mulkin suna da dalilin zargi, domin sojojinta da ke Yamai ba su ɗaga yatsa ba. Amma ko da zargin ya tabbata, bai rushe hujjar ba. Mutumin da talakawansa ke kwana da yunwa, sojojinsa ke gunaguni, ba shi da ƙarfin jira, kuma wanda ke ɗaya gefen teburin ya san haka sarai.

Kountché bai fi Diori ƙarfin hali a kan Faransa ba, lokaci ne ya ba shi abin da ya hana wa Diori. Farashi ya haura dala 40 a kan laba ɗaya a ƙarshen shekarun 1970, Nijar ta sayar da kasonta ga wasu masu saye, har da Libiya. Da kuɗin aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, aka gina tashar wutar kwal ta Sonichar kusa da Tchirozérine domin ciyar da ma'adinan, aka cika Yamai da manyan gine-gine, aka kuma ci bashi bisa zaton kasuwa za ta dore. Hatsarin tashar Three Mile Island a Amurka a 1979 ya karya farashi, zuwa 1983 Nijar tana gaban Asusun Lamuni na Duniya. Shekara 20 da suka biyo baya babu wanda ya yi maganar ɗaga zubi, domin Faransa tana biyan abin da ya fi na kasuwa, kuma wannan ma makami ne a hannunta.

Wasan da ya fi kowanne gwaninta shi ne na Tandja Mamadou. A tsakiyar 2007 farashin duniya ya wuce dala 130 a kan laba. Tandja bai zuba komai a lokaci guda ba. Ya fara da raba takardun izinin bincike ga kamfanonin Sin, Kanada da wasu ƙasashe, ya bai wa Sinawa Azelik. Sannan, yayin da tawayen MNJ ke ci a arewa, gwamnatinsa ta zargi Areva da taimaka wa 'yan tawaye, ta kori shugaban kamfanin a Nijar, Dominique Pin, a watan Yuli. Cikin makonni farashin kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000, farkon 2008 ya kai 55,000, Nijar ta kuma sami damar sayar da wani kaso da kanta. Babbar kartar kuwa, wato ma'adinin Imouraren, ya riƙe ta har Janairun 2009 kafin ya miƙa wa Areva. Kowane mataki barazana ce da za a iya gaskatawa, saboda Sinawa suna nan da kuɗinsu. Inda ya ɓata shi ne da ya kashe ribar a kan tazarce, sojoji suka kawar da shi a Fabrairun 2010.

Mahamadou Issoufou injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a Somaïr, ya fi duk magabatansa sanin cikin kartar. Amma ya hau mulki a 2011, shekarar hatsarin tashar nukiliyar Fukushima. Da kwangiloli suka ƙare a ƙarshen 2013, Areva ta tsayar da aiki a ma'adinan biyu da sunan gyaran injuna, saƙon kuma ya isa inda aka aika shi. Yarjejeniyar 26 ga Mayun 2014 ta sa kamfanonin ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2006, harajin da ke kashi 5.5 cikin ɗari yana iya kaiwa 12 gwargwadon riba, aka yi alkawarin yuro miliyan 90 domin gyaran hanyar Tawa, amma aka jingine Imouraren. Ƙungiyar farar hula ta ROTAB da masu zanga-zanga sun ga gazawa a ciki. Da wuya a ce wani zai fi haka a kasuwar da ta faɗi.

Akwai ƙorafin da ya fi na juyin mulki nauyi: kiran wannan abu wasa raini ne ga mutanen da ba a taɓa ba su kujera a teburin ba. Gaskiya ne. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit da masu binciken CRIIRAD sun nuna tun 2003 cewa ƙarafan da suka fito daga ma'adinan, masu ɗauke da tururin guba, suna yawo a kasuwar garin. Da Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021 ta bar tulin sharar da ya kai kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan. Sai dai ƙorafin ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi, domin duk lokacin da ɗaya ɓangaren ya zaɓi jira, albashin lebura da cinikin ɗan tireda na Arlit ne ke biyan kuɗin jiran.

Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta zuba duk abin da ke aljihu. Ta ƙwace izinin Imouraren daga Orano a Yunin 2024, ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, inda a da Orano ke da kashi 63.4 cikin ɗari. Farashin duniya ya farfaɗo, Rasha da wasu suna leƙe, wannan rabin sharaɗin ke nan. Ɗaya rabin bai cika ba: an rufe iyakar Benin, inda hanyar Kwatano ta bi, a 2023, Orano ta kai ƙara kotun sasanta rikicin masu zuba jari ta Bankin Duniya, kuma tana da ma'adinai a Kanada da Kazakistan da za ta jingina da su. Hukuncin wannan zubi ba a bakin masu jawabi a Yamai yake ba. Za a san shi ranar da mai saye na biyu ya biya kuɗi a fili, aka kuma ga kason da ya isa Arlit da Akokan.