Mai Albashi da Mai Ladan Awa a Dokar Ƙwadago ta Amurka, 1938-2004

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne yadda dokar ƙwadago da Shugaba Rusabelt ya sa wa hannu a 1938 ta raba ma'aikatan Amurka gida biyu. Dokar ta ƙayyade aikin mako a kan awa 44, aka rage zuwa 40 a 1940. Duk awar da ta haura wannan, sai a biya ladanta da ƙarin rabi. Amma ta ware manyan ma'aikata da masu gudanarwa da ƙwararru, waɗanda ba su da wannan haƙƙi.

To, wane ne babban ma'aikaci? A nan gizo yake saƙa. Ma'aikatar Ƙwadago ta ce laƙabi kaɗai bai isa ba. Dole ne ya kasance yana karɓar tsayayyen albashi wanda ba a zaftarewa don ya tashi aiki da wuri, ko don aiki ya yi ƙaranci. Maigidan da ya mai da yanke albashin rabin yini al'ada, ya mai da ma'aikacinsa mai ladan awa ke nan, sai ya biya shi kuɗin ƙarin lokaci. A ganinmu ciniki ne: an hana mutum ladan daren da ya kwana a ofis, an lamunce masa albashinsa cif.

Sai dai cinikin ya dogara da yawan albashin. A 1975 aka tsayar da mafi ƙanƙantarsa a kan dala 155 a mako, ba a sake taɓa shi ba sai 2004, da aka ɗaga zuwa 455. Cikin waɗannan shekaru 29 tsadar rayuwa ta cinye adadin, har mai kula da ɗan kanti ya shiga sahun manya, yana aikin awa 60 a kan kuɗin 40.