Yadda Ƙaramar Jakar Goyo Ta Samu Gurbi a Cikin Babba

Ƙaramar jakar goyo mai naɗewa jaka ce ta yadi marar nauyi, babu ƙarfe ko katako a bayanta, yawanci tana cin lita 15 zuwa 25, kuma idan babu kaya a ciki akan cusa ta a aljihunta ta dunƙule kamar lemo. Masu doguwar tafiyar ƙafa a dazuzzuka da duwatsun Amurka da Turai da Nefal suna ajiye ta cikin babbar jakarsu. Idan sun yada zango sai su bar tanti da shimfiɗa da abincin mako, su zuba ruwa da rigar sanyi da ɗan abin taɓawa a ƙaramar, su hau wata ƙololuwa su dawo. A yau ana musu a kanta. Wasu na ganin ƙarin kaya ce kawai, tunda ana iya zazzage babbar jaka a goya ta haka nan. Wasu kuwa ba sa fita sai da ita. Tarihinta ya nuna inda kowane ɓangare ya samo hujjarsa.

Goyon kaya a baya tsohon abu ne. Gawar mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a 1991 a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu sama da shekara 5,000 da suka wuce, an same ta da wani lanƙwasasshen itace da ake kyautata zaton firam ɗin jakar goyo ne. Daga nan sai jakunkunan sojoji na fata da tamfol, sai Ole Bergan na Norwe da ya haɗa wa jaka firam a 1908, sai Lloyd Nelson a Amurka da firam ɗinsa na katako a shekarun 1920. Dukkansu masu nauyi ne, kuma jaka ɗaya mutum ke da ita.

Bayanin da aka fi ji shi ne cewa yadin nailan ne ya haifi ƙaramar jakar. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A kamfanin DuPont aka fara haɗa nailan a 1935, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu aka yi laimar saukar sojoji da shi, da wata irin saƙa da ake ratsa zare mai kauri a tsaye da kwance, ta yadda idan yadin ya fara yagewa sai yagar ta tsaya a zaren. Gerry Cunningham, wanda ya sa wa jakar goyo zif tun 1938, ya fitar da ƙaramar jakar nailan a shekarun 1960. Wasu kuma suna jingina abin ga ɗalibai, domin wajen farkon shekarun 1970 kantin littattafan Jami'ar Washington da ke Seattle ya sayar da ƙananan jakunkunan kamfanin JanSport, ɗalibai suka mai da su na littattafai saboda ruwan saman garin. Sai dai waɗannan biyun sun nuna yadda aka iya ɗinka jakar ne da yadda ta yi arha. Ba su faɗi dalilin da zai sa mai goye da jaka ya nemi ta biyu ba.

Dalilin yana jikin babbar jakar kanta. A 1952 Dick Kelty ya fara lanƙwasa bututun alminiyum a gidansa da ke Kalifoniya, matarsa Nena tana ɗinka yadin, suka sayar da jaka 29 a shekarar farko. Muhimmin abin da jakarsa ta kawo shi ne ɗamara, wadda ta sauko da nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu. A 1967 Greg Lowe ya shigar da firam ɗin cikin jakar, ta manne da baya. Da wannan sai ma'aikacin ofis, wanda ba ɗan dako ba ne, ya iya ɗaukar kilo 20 ya yi kwanaki nesa da titin mota. Shekara ɗaya bayan haka Amurka ta yi dokar da ta ba hanyoyin ƙafa na Appalachian da Pacific Crest matsayin ƙasa. Mutane suka yawaita a jeji da manyan kaya, kuma mafi kyawun wuraren kallo ba a kan hanyar suke ba, sai an ratse.

Dutsen Whitney, mai tsayin mita 4,421, ya isa misali. Hanyar Pacific Crest ba ta bi ta kansa ba, don haka matafiya kan kafa tanti a Crabtree Meadow, su tashi cikin dare da fitilar goshi, su yi tafiyar da ta haura kilomita 20 zuwa da dawowa. Waɗanda suka zo da manyan jakunkuna kan jingine su a mararraba kusa da saman dutsen, inda wata dabba dangin kurege ke ɓarke jakar da ta ji ƙanshin abinci a ciki. Mai wannan tafiya yana buƙatar ruwa lita 2 ko 3, rigar sanyi, rigar ruwa da abinci, abin da ya fi ƙarfin aljihu amma bai kai na babbar jaka ba. Haka abin yake a Nefal ga mai hawa dutsen Kala Patthar daga Gorak Shep don ya kalli dutsen Everest.

Kamfanoni sun fara da ɓalle murfin babbar jaka ya zama ta ɗaurawa a ƙugu, daga baya kuma kamfanonin Osprey da Gregory suka fitar da samfurin da wani sashensa ke komawa ƙaramar jakar goyo. Sauyin gaske ya zo ne da yadin da aka jiƙa da silikon. Ana auna kaurin zare da nauyin mita 9,000 nasa a giram. Na babbar jaka kan kai 200 ko fiye, na jakar Ultra-Sil ta kamfanin Sea to Summit kuwa 30 ne, shi ya sa take cin lita 20 alhali ba ta kai giram 100 ba.

Masu sukar ta ma daga wannan zamanin suka fito. Littafin Ray Jardine na 1992 ya koya wa matafiya rage kaya, ana kuma kafa hujja da Emma Gatewood, wadda ta taka hanyar Appalachian a 1955 tana da shekara 67, da buhun da ta ɗinka da hannunta rataye a kafaɗa. Wanda babbar jakarsa ba ta wuce rabin kilo ba, gaskiyarsa ne, ba ya buƙatar wata. Amma yawancin mutane ba irin wannan jaka ke gare su ba, kuma zazzage kaya a tanti a wurin da beyar ko ɓeraye suke ba ƙaramin ganganci ba ne.

Wajen zaɓe, kuskuren da aka fi yi shi ne bin mafi rashin nauyi ido rufe. Madaurin jakar da ba ta kai giram 100 ba siriri ne, da kaya sun wuce kilo 3 ko 4 sai ya nannaɗe ya ci kafaɗa, gorar ruwa kuma ta riƙa tokarin baya sai an shimfiɗa riga a tsakani. Don ratsen awa 2 ta wadatar. Wunin hawa irin na Whitney kuwa yana son mai faffaɗan madauri, da igiyar ƙirji, da aljihun gora a gefe, ko da nauyinta zai kai giram 300.