3.4 Tarihin Sauƙaƙa Bikin Aure da Matsayin Amarya a Ƙasar Matazu

Ƙorafi a kan tsadar aure ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma Matazu ba ta fita daga cikin wannan hali ba. Abin da za a duba a wannan fasali shi ne su wane ne suka yi yunƙurin rage nauyin biki, da kuma dalilin da ya sa ita amarya, wadda ake yin taron dominta, ta fi kowa shan wahalar cewa ba ta so.

A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari, kamar yadda ya zo a Risala. Idan an sami waliyyi da shaidu da sadaki da siga, aure ya ƙullu. Sauran abubuwa irin su kayan na-gani-ina-so da lefe da gara da kayan ɗaki duk al'ada ce ta zo da su. Ita ma al'adar ba tsaye take wuri ɗaya ba. Asalin kalmar lefe kwando ne da ake saƙawa da kaba, daga baya ya koma fantimoti, sannan jerin akwatuna. Haka nan jeren ɗaki ya tashi daga ƙorai zuwa tasoshi da kwanoni da kwalla. A yankin Funtuwa da Malumfashi kuɗin auduga ya taimaka wajen wannan sauyi, domin manomi yakan ɗage bikin 'yarsa zuwa kaka, lokacin da ya kai amfaninsa kasuwa. Kuɗin Udoji na 1974 ya ƙara wa abin tsawo, sai kuma matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 1986 ya tarar da mutane sun riga sun saba da abin da ba za su iya ba.

Tsohuwar hanyar sauƙaƙawa ita ce auren sadaka, inda uba yake ba wa malami ko wani mai ƙaramin ƙarfi 'yarsa ba tare da ya ɗora masa ɗawainiya ba. An kawo bayaninsa a littafin Baba ta Karo (Smith, 1954). Sai dai a irin wannan aure sauƙin na ango ne, ladar ta uba ce, yarinya kuwa sau da yawa ba a ma tambayar ta. Hukumomi ma sun gwada tasu. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché (1974 zuwa 1987) ta ƙayyade kuɗin aure, amma Cooper (1997) ta nuna cewa matan Maraɗi sun ci gaba da musayar kayansu, saboda a wurinsu kayan ɗaki su ne ma'aunin darajar mace. A Kano kuwa, a 2012 Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa a taro guda, gwamnati tana ɗaukar sadaki da kayan ɗaki.

Yawancin waɗannan yunƙuri daga maza suka fito. To amma mafi yawan hidimar biki a hannun mata take, kuma a nan ne matsalar amarya ta taso. Uwa takan shekara da shekaru tana kai gudummawa bikin ƙawayenta, bisa al'adar nan ta biki wadda ake mayar wa mutum abin da ya bayar har da ƙari. Ranar auren 'yarta ce ranar da za ta karɓi nata. Saboda haka yarinyar da ta ce a ɗaura aure kawai a kai ta ɗaki, ba kamu ba wuni, tamkar ta ce wa mahaifiyarta ta yafe bashin da take bin rabin gari ne. Ga kuma gorin dangin miji da na kishiya, waɗanda za su leƙa ɗaki su ƙirga abin da aka jera. A ƙauye kayan nan jari ne, domin su mace take sayarwa idan ciwo ko yunwa ko saki ya zo.

Canji na gaske ya fara ne bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yawaitar makarantun Islamiyya na mata. Wa'azi a kan bidi'a da almubazzaranci ya ba budurwa hujjar da a da ba ta da ita. Wadda ta ce ba ta son kiɗa da cakuɗuwar maza da mata, walima take so, ba a iya kiran ta mara kunya kai tsaye, tunda da littafi take magana. Duk da haka abin lura shi ne, ɓangaren shagali ne ya fi saurin raguwa a irin waɗannan gidaje. Makaɗa da maroƙa ne suka yi asara, amma gado da katifa da kwanoni ba su ragu ba, kuma iyaye mata da yawa da suka yarda a bar kalangu ba su yarda a taɓa gara ba.