Dogon Yaro da Yaran Makaranta a Illela

Duk wanda ya taɓa tafiya daga Sakkwato zuwa Illela ranar Lahadi, watau ranar kasuwa, ya ga yadda ƙasa ke ƙara yin fari, itatuwa na raguwa, har ya iske Ƙwanni a tsallaken iyaka. Ni a wannan yanki na tashi, shi ya sa nake son in ɗan bi tarihin yadda dashen itace ya shiga makarantunmu, da abin da ya kawo, da abin da ya kasa.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno, daga nan ya bazu. Ma'aikatan gandun daji na En'e suka jera shi a bakin hanyoyi da kasuwanni da harabar makarantu, domin yana jure ƙishirwa. Amma a lokacin inuwa ake nema kawai. Kimiyya kuwa tana cikin aji, a Midil ta Sakkwato, inda Shehu Shagari ya koyar da ita a shekarun 1940.

Farin 1973 shi ya sauya lissafi. Shanu suka mutu, gero ya ƙone, rairayi ya fara cin gonaki. Maƙwabtanmu suka riga mu motsi. A 1975 ƙungiyar CARE da manoman kwarin Majiya, wajen Buza, suka shiga dasa dogon yaro layi bibbiyu, da tazarar kamar mita 100 tsakani, don karya iska, suka kuma sa masu gadi saboda dabbobi. Amfanin gona ya ƙaru. Wannan Majiya ita ce ke gangarowa tafkin Kalmalo kusa da Illela, kuma madatsun da aka gina mata don noman rani a Ƙwanni sun rage ruwan da ke iso mu. A Nijeriya, a 1977 gwamnatin tarayya ta kafa shirin dashen itatuwa a yankunan da hamada ke barazana, aka riƙa raba dashe kyauta.

To, wa zai yi ban ruwa? Yaran makaranta. Da tsarin 6-3-3-4 ya zo a 1982 da ƙaramar sakandare da darasin haɗaɗɗiyar kimiyya, sai malami mai hikima ya mai da gandun makaranta ɗakin gwaji. Har zamaninmu haka muka tarar. An ba kowa itacensa da gwangwaninsa. Babu kwalaben bature, sai malam ya sa muka jiƙa soɓorodo: a ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, a ɗiga ruwan kanwa ko na toka ya koma kore-kore. Da wannan muka gane tsami da kishiyarsa, muka gane abin da toka ke yi wa ƙasa. Muka daka 'ya'yan dogon yaro muka yayyafa ruwan a kan wake don korar ƙwari. Sinadarin da ke wannan aiki sai a 1968 masana a Ingila suka ware shi, alhali tun a 1959 wani Bajamushe ya lura a Sudan cewa fara ba ta cin ganyen.

Inda nake da ƙorafi shi ne ƙidaya. Ana ƙirga abin da aka dasa ranar biki, ba a komawa a ƙirga abin da ya kai baɗi. A yi dashe da damina, yara su tafi hutu, rani ya zo, awaki su gama da saura. Ga kuma raina na gida. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ƙara wa ƙasa taki, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, kakanninmu sun san haka. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka koma renon tohon kututturen da ke gonakinsu maimakon sassabe shi, miliyoyin itatuwa suka dawo ba tare da gandun reno ba.

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ina fata wannan karon a koya wa yaran Illela renon gawo da aduwa da magarya, a kuma ba su littafin da za su rubuta tsawon kowane itace duk ƙarshen zango.